Barsalona Ta 'Yan Gari: Abin Da Baƙon Ɗan Kasuwa Zai Ƙaru Da Shi

Da misalin ƙarfe takwas na safiyar kowace Litinin, Laraba da Juma'a, tun baƙin da suka cika otel-otel ɗin birnin Barsalona ba su gama farkawa ba, akan buɗe gwanjo a kasuwar Encants da ke dandalin Glòries. Kayan gidajen da aka kwashe ne ake jibgewa kashi-kashi a ƙasa: kujeru, agoguna, tangaran, littattafai da kekunan ɗinki. Masu rumfuna kan zagaya su dudduba, su yi tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka, kafin hantsi kuma ya baza kayan ya shiga sayar da su ɗai-ɗai. Asalin wannan kasuwa yana komawa ƙarni na 14, ko da yake ginin da take ciki yanzu, mai rufin da ke ƙyalli kamar madubi, a shekarar 2013 aka buɗe shi.

Daga nan zuwa titin La Rambla, inda dubban masu yawon buɗe ido ke kai da kawowa dare da rana, tafiyar 'yan mintoci ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Amma wanda ya ga wuraren biyu zai ɗauka garuruwa biyu ya shiga, domin farashinsu ba ɗaya ba ne, lokutan cin abincinsu ba ɗaya ba ne, haka kuma aljihun da kuɗin ke faɗawa. Ga ɗan kasuwar da ya je wannan birni na gaɓar Bahar Rum domin bajekoli ko sarin kaya, sanin bambancin garuruwan biyu shi ne ke rage masa kashe kuɗi, ya nuna masa inda ake cinikin gaske, ya kuma raba shi da fushin mutanen da suka gaji da baƙi.

Daga masaƙu zuwa otel-otel

Barsalona ita ce hedkwatar yankin Kataloniya, kuma birni na biyu a girma a ƙasar Sifen. Mazaunanta sun kai kimanin miliyan 1.7, a cikin faɗin ƙasar da bai wuce murabba'in kilomita 101 ba, tsakanin teku da duwatsun Collserola. Wannan ƙunci na fili shi ne tushen yawancin rigingimun da za a ambata a nan gaba, domin birnin ba shi da inda zai faɗaɗa.

A da can, masana'antu ne suka ɗaga sunan birnin. A nan aka kafa masaƙar Bonaplata a farkon shekarun 1830, wadda ita ce ta farko a Sifen da ta yi aiki da injin tururi. A shekarar 1848 aka shimfiɗa layin dogo daga Barsalona zuwa Mataró, na farko a duk tsibirin Iberiya. Unguwar Poblenou ta cika da masaƙu har aka riƙa kiranta Manchesta ta Kataloniya. Da birnin ya yi wa ganuwarsa yawa, sai injiniya Ildefons Cerdà ya zana sabuwar unguwar Eixample a 1859, da rukunan gidaje masu faɗin mita 113 kowane ɓangare, an kuma datse kusurwoyinsu domin ababen hawa su juya cikin sauƙi. Har yau a kan wannan zane birnin ke tafiya.

Gasar Olamfik ta 1992 ce ta juya akalar tattalin arzikin. An rushe tsofaffin masana'antu da rumbunan da suka tare gaɓar teku, an zuba yashi an gyara bakin ruwa, an kuma gina hanyoyin zobe da suka kewaye gari. Duniya ta ga birnin a talabijin, sai ta fara zuwa. A 1990 baƙin da suka kwana a otel-otel ɗin Barsalona kimanin miliyan 1.7 ne, a 2019 sun haura miliyan 9, ban da waɗanda suka sauka a gidajen haya da masu yini ɗaya su wuce. Filin jirgin saman El Prat ya ɗauki fasinjoji kimanin miliyan 55 a 2024, tashar jiragen ruwa kuma ta karɓi fasinjojin jiragen shaƙatawa fiye da miliyan 3.5 a wannan shekarar. Majami'ar Sagrada Família kaɗai, wadda aka fara gininta a 1882, ta karɓi maziyarta kusan miliyan 5 a 2024. Bisa ga ƙididdigar hukumar birnin, yawon buɗe ido yana samar da kimanin kashi 14 cikin ɗari na arzikin Barsalona da ayyuka wajen 150,000.

Inda ribar ta zama nauyi

Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ce kasuwa ta yi kyau. Sai dai kuma ribar ba ta shiga kowane gida ba, alhali tsadar ta shiga. Mai gidan da ya ga cewa abin da zai samu daga baƙi a mako ɗaya ya kusa abin da ɗan gari zai biya shi a wata, ba ya buƙatar dogon lissafi. Gidaje suka riƙa fita daga kasuwar haya ta mazauna suna komawa masaukin kwana biyu ko uku da ake kamawa ta intanet, musamman ta kamfanin Airbnb. A farkon 2024 matsakaicin kuɗin sabuwar haya a birnin ya kusa Yuro 1,200 a wata, a daidai lokacin da mafi ƙarancin albashi a Sifen yake Yuro 1,134, wanda ake biya sau 14 a shekara. Wato ma'aikacin da ke gyara ɗakin otel ko wanke kwanuka a gidan abinci ba zai iya kama gida shi kaɗai a birnin da yake yi wa hidima ba.

Ƙorafin ya daɗe. A watan Agustan 2014 mazauna Barceloneta, tsohuwar unguwar masunta, sun fito kan titi suna kukan hayaniyar baƙi da gidajen haya marasa lasisi. A 2015 sabuwar magajiyar gari, Ada Colau, ta dakatar da ba da lasisin sababbin otel-otel, a 2017 kuma aka kafa tsarin da ya hana ƙara su a tsakiyar gari. A watan Yunin 2024 magajin gari Jaume Collboni ya ba da sanarwar cewa lasisi 10,101 na gidajen saukar baƙi ba za a sabunta su ba, za su ƙare a watan Nuwamban 2028, yana mai nuni da cewa kuɗin haya ya tashi da kashi 68 cikin ɗari a shekaru goma. A watan Maris na 2025 kotun tsarin mulkin Sifen ta tabbatar da dokar Kataloniya da wannan mataki ya dogara a kanta. Haka nan kuma a watan Yulin 2025 hukumar birni da ta tashar jiragen ruwa suka amince a rage tasoshin jiragen shaƙatawa daga bakwai zuwa biyar nan da 2030.

Abin da ya fi yawo a jaridun duniya shi ne zanga-zangar ranar 6 ga Yulin 2024, inda waɗansu daga cikin masu jerin gwano suka riƙa fesa wa baƙin da ke cin abinci a bakin titi ruwa da bindigogin wasan yara. Ba a ji wa kowa ciwo ba, amma saƙon ya isa. Abin lura a nan shi ne kukan 'yan gari ya fi karkata ga salon baƙuntar da ke kore su daga unguwanninsu, ke kuma mayar da kantin kusa da gida wurin sayar da tsarabar roba. Baƙon da ya bi hanyarsu, ya sayi abinci inda suke saye, ya kiyaye lokutansu, da wuya ya gamu da ɓacin rai.

Kasuwannin unguwa

Hanya mafi sauƙi ta gane Barsalona ita ce a bi kasuwanninta. Birnin ya kasu gundumomi 10 da unguwanni 73, kuma hukumar birni tana da kasuwannin abinci 39 masu rufi, waɗanda aka rarraba ta yadda yawancin mazauna za su isa ɗaya da ƙafa. Ginin na hukuma ne, ita ke kula da tsabta da gyara ta hannun wata cibiya da aka kafa a 1991, masu rumfuna kuwa 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, kuma sau da yawa rumfar gado ce daga kaka zuwa jika.

Wadda kowane baƙo ya sani ita ce Boqueria da ke kan La Rambla. Tun shekarar 1217 aka rubuta labarin masu sayar da nama a wannan wuri, an aza harsashin gininta a 1840, aka yi mata rufin ƙarfe a 1914. Kasuwa ce mai kyan gani, amma labarinta darasi ne ga duk mai nazarin kasuwanci. Yayin da masu ɗaukar hoto suka fi masu cefane yawa, sai rumfunan bakin ƙofa suka bar sayar da ɗanyen kaya suka koma ga ruwan 'ya'yan itace a kofin roba da abin taunawa a tsinke, domin mai yawon buɗe ido ba shi da murhun da zai dafa kifi. Tsofaffin masu cefane suka riƙa janyewa saboda cunkoso. A 2015 har sai da hukuma ta hana ayarin baƙi da suka wuce mutum 15 shiga a ranakun Juma'a da Asabar. Cunkoson ƙafa ya ƙaru, amma abokin cinikin da ke dawowa kowane mako ya ragu, kuma shi ne ginshiƙin kowace kasuwa.

Mai son ganin cefanen gaske sai ya nufi Sant Antoni, wadda aka gina a 1882, aka rufe domin gyara a 2009, aka sake buɗewa a watan Mayun 2018. A cikinta akwai kifi, nama, kayan lambu, zaitun da wake dafaffe da ake aunawa a sikeli. A kewayenta akwai rumfunan tufafi. Ranar Lahadi da safe kuma sai ta zama kasuwar tsofaffin littattafai, mujallu da tsabar kuɗi na da. Akwai Santa Caterina mai rufi kala-kala da aka sabunta a 2005, da Llibertat a unguwar Gràcia, da ta Sants, da ta Clot. Ƙa'idodinsu kaɗan ne amma ana riƙe da su: mai saye ba ya taɓa kaya da hannunsa, mai rumfa ne ke zaɓa masa, ba a tayi, farashi a rubuce yake a kan kowane kilo, wanda ya zo yakan tambayi wane ne na ƙarshe a layi, ko ya ciri lamba. Ranar Litinin rumfunan kifi da yawa a rufe suke, domin masunta ba su fita teku a ƙarshen mako. Ɗan kasuwar da ya saba da tayi da ragi sai ya ajiye wannan gwaninta har ya je Encants, inda take da amfani.

Agogon gari

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. A Barsalona jelar ita ce lokaci. Karin kumallo ɗan kaɗan ne, kofi da burodin da aka goga wa tumatir aka zuba man zaitun da gishiri, wanda suke kira pa amb tomàquet. Babban abincin yini ana cinsa tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi da uku da rabi na rana, na dare kuwa ba a fara shi sai wajen ƙarfe tara. Gidan abincin da ke cike da mutane da ƙarfe shida na yamma, ga hotunan abinci a ƙofa ga kuma mai kiran masu wucewa, na baƙi ne, kuma farashinsa na baƙi ne.

Abin da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa ke ci da rana shi ne menú del día, wato abincin yini mai tsayayyen farashi: kwano na farko, kwano na biyu, burodi, abin sha da kayan zaƙi ko kofi. Asalinsa wata doka ce ta tsakiyar shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Janar Franko ta wajabta wa gidajen abinci su tanadi abinci mai ƙayyadadden farashi domin jawo baƙi. Abin mamaki, tsarin da aka yi domin masu yawon buɗe ido shi ne ya zama abincin 'yan gari. A 2024 farashinsa a unguwanni yana kewayen Yuro 15, kuma a al'ada ranar Alhamis ce ake sa shinkafar paella a cikinsa. Wanda ya ci irin wannan abinci ɗai-ɗai a kan La Rambla zai iya biyan ninki biyu. Kuɗin da ke kan takarda ya haɗa da haraji, kyautar ma'aikaci kuma ba dole ba ce. 'Yan gari kan bar 'yan canji ne kawai.

Ga Musulmi akwai abin kiyayewa, domin naman alade ya shiga girkin Kataloniya sosai, har a miyar wake da romon da ba a zata ba. Kalmomin da ya kamata a gane a takardar abinci su ne porc ko cerdo, pernil ko jamón, da kuma llard, wato kitsen alade. Abin shan da ke cikin abincin yini yakan zama giya, amma ana musanya shi da ruwa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kifi yana da yawa, haka ma escalivada, wato gasasshen yalo da tattasai da albasa, da esqueixada, haɗin kifin gishiri da tumatir. A unguwar Raval, inda 'yan Pakistan, Maroko da Bangaladash suke da yawa, akwai mahauta da gidajen abinci na halal bila adadin. Birnin ba shi da babban masallaci mai hasumiya. Ana salla ne a ɗakunan da aka gyara a ƙasan gine-gine, kuma daga cikin sanannu akwai masallacin Tariq bin Ziyad a nan Raval, wanda ke cika maƙil ranar Juma'a.

Ƙananan kantuna da yawa kan rufe daga wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu da rabi ko biyar, su sake buɗewa har takwas na dare. Ranar Lahadi akasarin kantuna a rufe suke. Watan Agusta kuwa shi ne mafi munin lokacin zuwa neman ciniki, domin masana'antu da ofisoshi da dama kan tafi hutu na mako biyu zuwa huɗu, har za a ga takarda manne a ƙofar kanti ɗauke da ranar dawowa.

Sufuri da masauki

'Yan Barsalona ba su cika shiga mota a cikin gari ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1924, da bas-bas, da taragu, da jiragen kewayen birni duk tikiti ɗaya ke haɗa su. Tikitin T-casual, wanda aka fito da shi a 2020, na tafiya goma ne ga mutum ɗaya, kuma yana ba da damar sauya abin hawa a cikin minti 75 a shiyya ta farko ba tare da sake biya ba. Ya fi sayen tikiti ɗai-ɗai arha nesa ba kusa ba. Abin lura kawai shi ne ba ya aiki a tasoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na filin jirgin sama, amma yana aiki a jirgin ƙasan da ke tashi daga sashe na biyu na filin. Motocin haya baƙi da rawaya ne, kuma da mita suke aiki. Jajayen kekunan Bicing da ake gani ko'ina tun 2007 an tanade su ne domin mazauna masu rajistar shekara.

Masu yankan aljihu matsala ce da birnin ya yi suna da ita, musamman a La Rambla, bakin teku da cikin jirgi lokacin cunkoso. Ɗan gari ba ya ajiye waya a kan tebur a bakin titi, ba ya rataya jaka a bayan kujera, ba ya sa walat a aljihun baya. Fasfo kuwa ya fi aminci a ma'ajiyar otel.

Batun masauki shi ne inda zaɓin baƙo ya fi shafar ɗan gari. Otel mai lasisi a Sants, Poblenou, Sant Andreu ko garin L'Hospitalet da ke maƙwabtaka yakan fi na tsohon gari sauƙin kuɗi da natsuwa, kuma bai raba kowa da gidansa ba. Kowane baƙo yana biyan harajin kwana, wanda gwamnatin Kataloniya ta kafa a 2012, hukumar birni kuma ta ɗora nata ƙarin a 2021, wanda ya kai Yuro 4 a kowane dare a watan Oktoban 2024. Sau da yawa ba ya cikin farashin da aka gani lokacin kama ɗaki, don haka ya kamata a sa shi a lissafi.

Inda manyan kuɗi ke juyawa

Kashi 14 cikin ɗari yana nufin kashi 86 na arzikin birnin daga wani wuri yake fitowa, kuma wannan shi ne ɓangaren da motar zagaya baƙi ba ta bi ta kansa. A kudu da gari, a yankin Zona Franca, akwai Mercabarna, babbar kasuwar sarin abinci mai faɗin kimanin hekta 90 da kamfanoni ɗaruruwa. A 1971 aka mayar da sarin kayan lambu can daga tsohuwar kasuwar Born. Da tsakar dare ake cinikin kifi a wurin, ta yadda kafin gari ya waye kayan sun isa rumfunan unguwanni. Kusa da ita tashar jiragen ruwa take, wadda ta sarrafa kwantena kusan miliyan 4 a 2024.

A cikin wannan tasha ce kamfanin Enagás yake da ma'ajiyar iskar gas da ta fara aiki a 1969. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke sayar wa Sifen ɗanyen mai da iskar gas, saboda haka dangantakar cinikin ƙasashen biyu ta wuce ƙwallon ƙafar da ta sa sunan Barsalona ya shiga kowane lungu. Ga masu harkar fatu da kirgi, garin Igualada da ke da nisan kimanin awa ɗaya daga birnin tsohuwar cibiyar majema ce da har yanzu ke aiki, Sifen kuma tana cikin ƙasashen da ke sayen fatun awaki da tumaki daga Nijeriya.

Hukumar bajekoli ta Fira de Barcelona tana da manyan filaye biyu, ɗaya a Montjuïc, ɗaya a Gran Via. A na biyun ake yin taron wayar salula na duniya, MWC, wanda ya koma Barsalona a 2006, ya kuma tara mutum kimanin 109,000 a 2025. Akwai kuma Alimentaria ta kayan abinci, duk bayan shekara biyu. A makon irin waɗannan tarurruka farashin otel kan ninka, shi ya sa waɗanda suka saba kan kama ɗaki watanni kafin lokaci, ko su sauka a garuruwan da ke kan layin dogo kamar Badalona da Sabadell. Poblenou kuwa, unguwar masaƙu ta da, tun shekarar 2000 aka ware mata kimanin hekta 200 a ƙarƙashin shirin 22@, inda kamfanonin kwamfuta da zane suka maye gurbin injinan saƙa, dogayen bututun hayaƙi na tubali kuma suna nan tsaye a tsakaninsu.

Akwai wani ƙaramin kanti a Raval da ya cancanci ziyarar ɗan kasuwar Afirka ta Yamma. Masu talla a bakin titi, yawancinsu 'yan Senegal da ke shimfiɗa kaya a kan mayafi suna wasan ɓuya da 'yan sanda, sun kafa ƙungiya a 2015, a 2017 kuma suka fito da tambarin tufafinsu mai suna Top Manta. Yanzu suna ɗinka riguna da takalma a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista, wadda ta taimaka wa mambobi da dama samun takardun zama.

Dokokin kuɗi ma abin kiyayewa ne. Duk wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan. Tun 2021 dokar Sifen ta hana biyan Yuro 1,000 ko fiye da tsaba a cinikin da ɗan kasuwa ke ciki, ban da sassaucin da aka yi wa baƙon da ke sayayyar kansa. Saboda haka sarin kaya ta banki ake biyansa, da takardar ciniki. Harajin kaya na gama-gari kashi 21 ne cikin ɗari, kuma matafiyin da ke zaune a wajen Tarayyar yana iya karɓar nasa a filin jirgin sama idan kantin ya cika masa takardar da ta dace.

Harshe da bukukuwa

Harsuna biyu ne na hukuma, Katalanci da Sifananci, kuma sunayen tituna da allunan kantuna da Katalanci suke. Kowa yana jin Sifananci, matasa da yawa kuma suna jin Ingilishi, amma baƙon da ya shiga kanti ya ce bon dia, ya fita da gràcies, yakan ga fuska ta sake. Batun 'yancin Kataloniya, wanda ya kai ga ƙuri'ar raba gardamar da kotu ta haramta a watan Oktoban 2017, ya raba kan iyalai, kuma mai hankali ba ya tsokano shi a teburin ciniki.

Bukukuwan gari su ma kasuwa ce. Ranar 23 ga Afrilu, ranar Sant Jordi, tituna kan cika da teburan littattafai da furanni, ana sayar da miliyoyin wardi a yini guda, masu buga littattafai kuma suna samun babban kaso na cinikin shekara. Daga 15 ga Agusta mazauna Gràcia kan ƙawata titunansu da kayan da suka shafe watanni suna haɗawa da hannu, ana gasa tsakanin titi da titi. A kewayen 24 ga Satumba ake bikin La Mercè, inda ake gina hasumiyar mutane, wasu bisa kafaɗun wasu har hawa takwas ko tara, yaro ƙarami a can ƙoli.

Iyakar shawarar

Wannan shawara ta bin sawun 'yan gari tana da nata haɗari, kuma Barsalona ta ɗanɗana shi. Tudun Turó de la Rovira, inda aka girke bindigogin kakkaɓo jirage a 1937 lokacin yaƙin basasa, wuri ne da mazauna unguwar Carmel ke hawa shan iska. Da hotunansa suka bazu a intanet a matsayin sirrin 'yan gari, sai ɗaruruwan baƙi suka riƙa kwana a can da kiɗa, har a 2023 hukuma ta kewaye shi da shinge tana rufewa da dare. Haka ma bas mai lamba 116, ƙaramar motar da tsofaffin unguwar La Salut ke hawa zuwa gida: baƙi masu zuwa lambun Park Güell sun cika ta har mazauna ba su samun wuri, sai a watan Afrilun 2024 aka cire ta daga taswirar Google.

Saboda haka lissafin da hukumar birnin ke yi yanzu ya koma kan abin da kowane baƙo ke bari da abin da yake ci wa gari, maimakon yawan masu sauka. A wannan sikeli ɗan kasuwar da ya zo bajekoli, ya kwana a otel mai lasisi, ya ci abincin rana a unguwa, ya kuma tafi da takardar odar kaya, yana cikin baƙin da ake maraba da su. Gwajin wannan manufa zai zo a watan Nuwamban 2028, lokacin da lasisin gidaje 10,101 zai ƙare, a ga ko gidajen za su koma hannun mazauna kamar yadda hukuma ke fata, ko kuwa masu su za su sami wata ƙofar.